Farashin shanu da tumaki a kasuwannin kara na arewacin Kamaru da Chadi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu shiga kara, tun daga mai neman ragon suna guda ɗaya har zuwa falken da ke loda tirela. Duk inda aka ce misali a ƙasa, adadin na koyon lissafi ne: mutum ya cire shi ya sa farashin da ya tarar a kasuwarsu ranar. Kuɗin sefa ne, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000.

Nawa ake sayar da sa yanzu, nawa ne rago?

Duk wanda ya yanka maka farashi ta waya alhali bai ga dabbar ba, hira kawai yake yi maka. A Marwa ko Adumri ko Masaget ba a ɗora sa a kan sikeli, da ido da hannu ake ciniki. Shanu biyu masu tsayi ɗaya, launi ɗaya, sai a yanka su a ga ɗaya ya fi ɗaya nama nesa ba kusa ba.

Duk da haka farashin yana da tushe. Tushen yana can inda za a ci naman, wato teburin mahauci a Yawunde, Duwala, Njamena ko Legas. Falke ya san abin da za a ba shi a can. Daga ciki yake cire kuɗin mota, takardu, abin da hanya ke ci, ramar da dabbar za ta yi kafin ta isa, da ribarsa. Abin da ya rage shi ne tayinsa. Ranar da manyan fatake suka shigo da kuɗi a hannu, kasuwa ta tashi, ƙananan mahauta sai su bi ko su koma hannu rabbana. Ranar da ba su zo ba, mai dabba ne ke bin mai saye da kallo.

To yaya zan ƙiyasta da kaina, kada a yi mini sakiyar da ba ruwa?

Ka yi lissafin mahauci, ko da ba yanka za ka yi ba. Tef ɗin tela ya isa. Ka auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, tef ya wuce ta bayan tozo, kada ya hau kansa. Sannan ka auna tsawo daga ƙashin gaban kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Duka da santimita, dabba kuma ta tsaya daidai a kan ƙafafunta huɗu.

Zagayen ƙirji sau kansa, sau tsawo, a raba da 10,840, shi ne nauyin dabbar da rai. Sa mai zagaye 170 da tsawo 140: 170 sau 170 ya ba da 28,900, sau 140 ya ba da 4,046,000, in an raba ya fito kilo 373. Awon tef yana iya kuskurewa da kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, amma ya fi kirdado.

Idan aka yanka aka feɗe, nama da ƙashi yakan zo kusan rabin wannan. Ramammen sa ba ya wuce kashi 42 zuwa 45, wanda ya sha turke yakan kai 52 zuwa 55. Namu mu ce rabi, kilo 186. A misali, idan kilon nama da ƙashi yana sefa 2,500 a garinku, naman ya tashi jaka 465. Kai da ƙafa da kayan ciki da fata su ne mahauci ke sa rai su biya masa kuɗin mayanka da ɗauka, su bar masa na cefane. Ke nan mahaucin garin ba zai yi nisa da jaka 465 ba. In dillali ya buɗe baki da 600, ka san inda za ka tsaya.

Rago ya fi sauƙi, a sa shi cikin buhu ko majanyi a rataya a sikelin ƙugiya. Mai kilo 50 yakan ba da nama kilo 22 zuwa 24. Sai dai ragon layya ba ya bin wannan lissafi, za mu zo kansa.

Waɗanne ne manyan kasuwannin, kuma ina ya fi araha?

Dabba tana tafiya ne daga gabas zuwa yamma, daga arewa zuwa kudu, kuma kowane zango da ta yi kuɗinta na ƙaruwa. Babban rumbun shi ne Chadi. Ƙidayar dabbobin da ƙasar ta yi tsakanin 2012 da 2015 ta samu kusan miliyan 94, ciki da shanu miliyan 24.9 da tumaki miliyan 26.4. Kasuwannin tarawa a can sun haɗa da Masaget, Durbali, Musoro, Am Timan, Abeche da Roro, sai Digel a cikin Njamena.

A ɓangaren Kamaru, jihar Arewa Mai Nisa tana da Bogo mai ci ranar Alhamis, da Marwa ranar Litinin, da Mulfudai da Gazawa. A jihar Arewa akwai Adumri kusa da Bibemi, da Pitowa mai ci ranar Lahadi, da Mbaimbum inda iyakokin Kamaru da Chadi da Afirka ta Tsakiya suka kusa haɗuwa. A Adamawa akwai Ngaundere, Meiganga, Tibati, Banyo, da Ngawi a bakin iyakar Afirka ta Tsakiya.

Kasuwar ƙauye da ke kusa da mashekarin makiyaya ta fi araha, babu musu. Amma a can zaɓi kaɗan ne, takarda ba ta cika ba, kuma sai ka biya mai kora ya kai maka dabbar bakin titi. Mai neman dabba ɗaya ko biyu, zuwa nesa ba ya biyansa. Arahar daji ta mai haɗa garke ce.

Me ya haɗa naira da farashin sa a Bogo ko Adumri?

Najeriya ce babbar mai sayen shanun Chadi, kuma yawancinsu ta arewacin Kamaru suke ratsawa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tana hawa tana sauka. A misali, sa ya yi naira miliyan ɗaya a Mubi. Idan ana canza jaka ɗaya a naira 2,000, falke ya dawo da jaka 500. Idan canji ya koma naira 2,500, jaka 400 zai riƙe, alhali a Mubi farashin bai canza ba. Wannan jaka ɗari da ta ɓace, a jikin makiyayi ake cire ta a kasuwa mai zuwa.

An ga haka ƙarara bayan Yunin 2023, da Najeriya ta saki naira, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A Janairun 1994 kuwa akasin haka aka yi, da aka karya darajar sefa da rabi shanun yankin suka yi wa masu saye daga waje araha.

Hanya ma tana da nata. Rikicin Boko Haram ya tsinke hanyar Kusiri zuwa Fotokol da Gamboru, da ta Amchide zuwa Banki, na tsawon shekaru, fatake suka karkata kudu ta Bongor da Yagwa, ko ta Pala da Lere, su ɓulla Mubi. Sai kuma rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Duk lokacin da ƙofar Najeriya ta ƙuntata, shanu kan taru a kasuwannin nan, farashi ya kwanta.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa da saye, wane da sayarwa?

Daga ƙarshen damina zuwa farkon ɗari, wato Satumba zuwa Disamba, shanu sun ƙoshi kuma suna da yawa a kara. A nan ne kilon nama a jikin dabba ya fi araha, ko da kuɗin kan ya yi kamar da yawa. Daga Maris zuwa Mayu kuwa kasuwa biyu ce a wuri ɗaya. Ramammun shanun da makiyaya ke fitarwa don su sayi abincin sauran suna zubewa, sa mai ƙiba kuma ya yi wuya, kuɗinsa ya hau. Masu kiwon turke wannan tazarar suke ci.

Akwai ƙananan igiyoyin da ke jan farashi. Gab da faɗuwar ruwa manoman yankin auduga na neman shanun huɗa, matasan bijimai masu shekara uku zuwa huɗu su yi tsada. A Satumba iyaye na fitar da tumaki da awaki saboda kuɗin makaranta. Ƙarshen azumi masu watanda na neman shanu, a Disamba kuma masu Kirsimeti da sabuwar shekara daga kudu. Kada a manta damina ba ta sauka lokaci ɗaya: a tudun Ngaundere tun Afrilu ciyawa ta fito, a Marwa da Njamena sai Yuni ko Yuli. Shanun Adamawa kan murmure alhali na arewa suna cikin wuya.

Shekarar ambaliya, irin 2022 da 2024 a kwarin Logon, hanyoyi kan yanke, wata kasuwa ta cika da dabbobin da aka gudo da su, wata ta bushe.

Irin saniya yana canza kuɗinta?

Sosai. Gudalin Adamawa, mai gajeren ƙaho da faɗin baya da cikar cinya, shi mahauci da mai turke suka fi so, ga sanyin hali. Jajayen shanun Bororo, rahaji ko jafun, dogaye ne masu manyan ƙahoni da ƙashi. Suna cika ido, baƙon kara yakan ruɗu da su, amma nama bai kai girman jikin ba, ƙahonin kuma suna cin wuri a mota. Inda suka yi fice shi ne juriyar doguwar tafiya a ƙasa. Fararen Fulani, aku ko bunaji, suna tsakani. Shanun Larabawan Shuwa matsakaita ne, ga nono ga biyayya, shi ya sa manoma ke nemansu.

Kuri na tafkin Chadi, marasa tozo masu kumburarren ƙaho, ba sa jin daɗin nesa da ruwa, kada a saye su don kiwo a tudu. Ƙananan shanun Namchi na wajen Poli da na Kapsiki ba su cika fitowa manyan kasuwanni ba.

Yaya ake gane shekarun dabba?

A baki. Saniya da tunkiya haƙoran gaba takwas gare su, a ƙasa kawai. Na nono ƙanana ne, na girma faffaɗa, kuma bibbiyu suke fitowa daga tsakiya. A shanunmu biyun farko kan fito daga shekara biyu zuwa biyu da rabi, huɗu a wajen shekara uku, shida wajen huɗu, baki ya cika wajen biyar. Daga nan sai a dubi cinyewa: in haƙora sun gajarce sun yi giɓi-giɓi, guzuma ce, kuɗin nama kawai za a ba ta. A rago biyun farko kan fito tsakanin wata 12 da 18, huɗu wajen shekara biyu, baki ya cika wajen shekara huɗu.

Zoben ƙaho ba abin dogaro ba ne, ana kankare shi a shafa mai.

Me ya sa ragon layya ke tsada haka, kuma yaushe ya kamata in saya?

Domin ba nama kaɗai ake saye ba. Fari tas, ƙaho mai murɗi, tsayi, faɗin ƙirji, duk ana biyansu. Balami da uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, su ne ke kan gaba. 'Yankasa da ƙananan tumakin ƙauye su ne na mai ƙaramin ƙarfi, kuma in za a bi ta kilo, sau da yawa su suka fi riba.

Wani abin da ake mantawa shi ne Sallah tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2023 ƙarshen Yuni aka yi, 2024 tsakiyar Yuni, 2025 farkon Yuni, 2026 ƙarshen Mayu. Ke nan a shekarun nan ragunan layya a tsakiyar rani ake turke su, lokacin da harawa da dusa da turto, wato tunkuzar auduga, suka fi tsada. Wannan kuɗin mai saye ne zai biya.

Mai wuri da mai kula, ya saya wata uku ko huɗu kafin Sallah ya turke. Wanda ba shi da su, mako biyu zuwa uku kafin Sallah ya fi, akwai zaɓi kuma kasuwa ba ta haukace ba. Jiran jajibere caca ce: in raguna sun yi kwantai, masu su na tsoron komawa da su, sai a samu araha, in sun yi ƙaranci a sha tsada a kan abin da aka rage. A mazhabar Malikiyya kwana uku ake layya, ranar farko ta fi falala, amma wanda ya yanka a ta biyu ko ta uku layyarsa ta yi, kuma a ranakun nan kasuwa takan sauko.

Kafin a biya a tabbatar da sharuɗɗa. Rago ya cika shekara, sa ya cika uku ya shiga ta huɗu. Ba mai ido ɗaya, ba gurgu, ba mara lafiya, ba ramamme ƙwarai. Malaman Malikiyya sun hana wanda aka yanke masa fiye da sulusin kunne, ko sulusin wutsiya, ko mai karyayyen ƙahon da bai warke ba. Batun haɗa kuɗi mutum bakwai a sa ɗaya kuma, Malikiyya ba ta yarda da tarayya a kuɗin ba, wasu mazhabobin sun yarda, kowa ya tambayi malaminsa kafin ya zuba.

Me zan duba a jikin dabba kafin in taya?

Fara daga nesa, tana cikin 'yan'uwanta. Wadda ta ware, ta sunkuyar da kai, ta daina tuƙa, a wuce ta. Sannan ka sa a kora ta da gudu kaɗan, ka tsaya ka saurara. Tari bayan gudu, da tsayuwa an miƙe wuya an buɗe ƙafafun gaba ana nishi, alamar ciwon huhu ce, kuma shi ne ke cinye garke. Dalala da ƙuraje a baki da ɗingishi, boru ne. Ɓawon da ya manne gashi a gadon baya, kirci. Kaluluwar da ta kumbura a gaban kafaɗa, ga hawaye ga rama, sammore, musamman in daga kudancin Adamawa ko bakin kogi aka fito.

Ka ja fatar ido ta ƙasa. Ja-ja ake so. In ta yi fari, ga kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa, tsutsar ciki ce ko ciwon hanta, wanda ya yi yawa a dabbobin fadamun Logon da tafkin Chadi. Hanta kuwa kuɗi ce, in likitan mayanka ya jefar da ita mahauci ya yi asara. A saniyar kiwo ka matsa nonuwa huɗun ɗaya bayan ɗaya, ka dubi gwiwoyi, kumburarriyar gwiwa na tafiya da bakkale mai sa ɓari. A tumaki, majina da kwantsa da zawo da gyambon baki tare, annobar nan ce da likitoci ke kira PPR, ko kyauta aka ba ka kada ka kai gida.

Ƙiba kuma ba a ciki ake ganinta ba. Ka danna gadon baya, ka kama gindin wutsiya, ka taɓa ƙirji tsakanin ƙafafun gaba. Ana ba dabba kanwa ko gishiri da daddare, ta kwankwaɗi ruwa da safe, ta shigo kara ciki fam. Akwai kuma wadda ta cika tumbi da leda, ciki ƙato, baya ƙashi, ko me aka ba ta ba za ta yi ƙiba ba. Dabbobin cikin gari sun fi fama da wannan.

Dole ne sai ta hannun dillali? Nawa ce la'ada?

A babbar kara, kusan dole. Makiyayi yakan damƙa igiya ga mutumin da ya sani, wanda ya sauke shi ya ba shi masauki, kuma ba zai yi ciniki a bayansa ba. La'ada ba ta da adadi ɗaya, kowace kasuwa da al'adarta, a wasu wuraren mai saye da mai sayarwa duka suna bayarwa. A yanke ta tun kafin a fara.

La'adar ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne dillalin da ke raba ku. Ya je wajen mai dabba ya ce, "Baffa, kasuwa ta mutu yau, 380 aka taya, ka sallama." Ya zagayo wajenka ya ce, "Alhaji, ya ce albarka, ko 420 da kyar na shawo kansa." Jaka 40 ta tsaya a aljihunsa, ya kuma karɓi la'ada a kanku. Maganin abin sauƙi ne: a yi sallama gaban mai dabba, a faɗi adadin da ƙarfi, a yi musabaha, shaidu biyu suna ji. Dillalin kirki ba ya ƙin wannan.

In an ce maka albarka, tayinka ne bai kai ba, ba faɗa ba ne. Ka ƙara kaɗan ko ka matsa gaba. Amma kada ka taya dabbar da wani ke cikin cinikinta.

An ce ƙirgen kuɗi ma na ruɗa mutane?

Yana ruɗawa, har a kai ga rigima. Balaraben Chadi da riyal yake ƙirga, riyal ɗaya kuwa sefa 5 ne, daidai da dalar da muke ƙirga sefa da ita a Hausa. In ya ce dubu ashirin, sefa 100,000 yake nufi. A kasuwar iyaka kuma wani da naira yake magana. A rubuta adadin a waya da sefa, kowa ya gani. A lura kuma sefar Kamaru da Chadi ba ita ce ta Nijar da Benin ba, darajarsu ɗaya a hukumance, amma takardun daban ne, 'yan canji na cire nasu.

Ɗaukar kuɗi a jiki a hanyar kasuwa haɗari ne. Orange Money da MTN MoMo a Kamaru, Airtel Money da Moov Money a Chadi, sun rage wannan, sai dai makiyaya da yawa tsaba suke so, kuma kuɗin cirewa a san wanda zai biya.

Yaya zan kauce wa sayen dabbar sata?

A saya cikin kara, ranar kasuwa, ta hannun wanda aka sani. A Chadi akwai damin, mai lamunin makiyayan ƙabilarsa, shi ke tsayawa cewa dabbar ta mai ita ce, in magana ta taso shi za a nema. A Kamaru akwai wakilan lamido irin su sarkin shanu, ga ma'aikatan ƙaramar hukuma masu yankan tikiti, ga likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA, mai ba da takardar lafiya ta wucewa. Mai ƙetare iyaka yana buƙatar fasfon dabbobi na CEBEVIRHA, hukumar harkar dabbobi ta ƙasashen tsakiyar Afirka, mai hedikwata a Njamena.

A rubuta launi, jinsi, siffar ƙaho, da shaidar wuta ko yankan kunne a jikin rasit. Sabon ƙuna a kan tsohuwar shaida abin tambaya ne. Dabbar da aka kawo maka bayan gari da magariba a rabin kuɗi, in mai ita ya ɓullo, ita da kuɗin duka sun tafi, ga zaman ofishin jandarma.

Akwai arahar da ba ta sata ba ce amma ta baƙin ciki ce: garken da ake zubarwa rana ɗaya don biyan kuɗin fansa, abin da ya addabi Mayo Rey da Adamawa da Mayo Kebbi. Irin wannan yakan karya farashin kasuwa gaba ɗaya a makon.

In zan kai shanu Yawunde ko Duwala, me zan lissafa?

Tikitin kara, la'ada, takardar likita, masu kora zuwa wurin lodi, masu lodi, yashin da ake zubawa a ƙasan mota, igiyoyi, kuɗin tirela, yaran da za su zauna cikin shanun, shingayen hanya, sannan kuɗin shiga da ruwa da ciyawa a can har a sayar. Daga Ngaundere akwai jirgin ƙasan Camrail, kilomita 622 zuwa Yawunde, amma samun tarago na iya ɗaukar kwanaki, shanu na ci suna ramewa.

Doguwar tafiya a mota na zabge kashi 5 zuwa 10 na nauyi. Babbar asara kuwa ita ce wanda ya kwanta aka tattake shi. A misali, shanu 30, ana sa ran ribar jaka 20 a kowanne. Ɗaya ya mutu wanda aka saya 450. Ribar sauran 29 ita ce 580, a cire 450, saura 130. Shi ya sa ba a loda mai rauni ko mai tsohon ciki, ba a haɗa ƙanana da manya, kuma yaro da wuƙa ba ya barin bayan mota.

Kiwon turke yana da riba?

Yana da ita ga wanda ya sayi abinci da wuri. A zaɓi sa mai shekara uku zuwa biyar, babban ƙashi, ramar yunwa ba ta ciwo ba. A ba shi maganin tsutsa da na kaska a makon farko. Kwana 90 zuwa 120 ya isa, bayan haka abin da yake ci ya fi abin da yake ƙarawa. Turto, wato tunkuzar auduga ta kamfanin SODECOTON ko Cotontchad, kilo 2 zuwa 3 a rana, da karan dawa ko na masakwa da harawa ya ci ya ƙoshi, da kanwa kaɗan, da ruwa lita 40 zuwa 50 in ana zafi. Da haka yakan ƙara giram 600 zuwa 900 a rana.

Misali: an sayi sa mai kilo 280 a jaka 300. Kwana 100 ya ƙara kilo 70, ya zama 350. Turto kilo 250 a sefa 200, jaka 50. Kara da harawa 30, magani 10, ruwa da mai kula 20. Jimla 410. Nama kashi 53 cikin ɗari, kilo 185, a sefa 2,500 ya kama wajen jaka 463. Riba 53. In turto ya ninka a watan Afrilu, ribar ta tafi kusan duka.

Rago giram 300 zuwa 500 na turto da dusa ya ishe shi. A fara da kaɗan a ƙara cikin kwana goma, domin dabbar da aka tura wa hatsi ko dusa farat ɗaya cikinta kan kumbura ta mutu. Ragon da aka cika wa dusa ba harawa, ruwa kuma kaɗan, tsakuwa kan toshe masa mafitsara, a gan shi yana yunƙuri ba fitsari, sau da yawa gab da Sallah. Allurar ivamektin da ta oksitetrasaiklin mai dogon aiki suna daɗewa a nama, a karanta kwanakin jira a jikin kwalba, yawanci mako uku zuwa biyar, a daina kafin ranar kasuwa.

In ba mahauci bashi?

Yawancin cinikin mahautan birni a kan bashi yake tafiya, a ɗauki sa yau a biya bayan an sayar da nama. Farashin bashi ya fi na tsaba, amma fatake da dama a nan jarinsu ya narke. In za a bayar, a karɓi kafin alƙalami, a sa rana, a yi gaban sarkin fawa ko mai masaukin da ya san shi, kuma kada a ba da na biyu kafin na farko ya fito.

Na saya na kai gida sai ciwo ya bayyana, zan iya mayarwa?

A al'adar kara, in an sallama an ja igiya ciniki ya ƙare, sai fa in an yi sharaɗi a gaban shaidu, kamar a ce saniyar tana da ciki, ko san ya iya huɗa, aka tarar ba haka ba. Irin wannan a kai wa shugaban kara da wuri, kafin kasuwa ta sake ci.

Sabuwar dabba a ware ta mako uku, kwanon ruwanta daban, turkenta nesa da sauran. Boru da PPR kan nuna kansu cikin waɗannan kwanaki. Ciwon huhu yana iya ɓuya wata da watanni, don haka a yi wa garken gida rigakafi tun kafin baƙuwa ta zo. Alluran ana yin su a LANAVET, cibiyar haɗa alluran dabbobi ta Kamaru, da ke Bokle kusa da Garwa, ana samunsu ta ofishin likitan dabbobi na gunduma, kuma a tambayi mai allurar ko a cikin ƙanƙara ya riƙo su, domin wadda ta sha rana ba ta aiki.